Izinin Karatu Kawai

Ina ofishin ƙungiyar mahauta a unguwar Abakpa Nike, nan Inugu, da hantsin wata Talata, ina haɗa musu sabuwar kwamfuta, wayata ta yi ƙara. Alhaji Ɗanjuma ne, sakataren Hausawan Anacha. Ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali da aiki, bai tsallake ko ɗaya ba. Sai da ya gama sannan ya ce, "Isiyaku, sai haƙuri. Malam Haladu ya cika bayan sallar asuba, nan ɗakin baƙinmu. Jana'iza bayan azahar, in za ka iya isowa."

Malam Haladu shi ya koya mini wannan sana'a. Shekara goma sha tara ina ƙarƙashinsa a shagonsa na unguwar Asata. Ran Litinin ya tafi Anacha duba musu modem, ya ce mini zai dawo Laraba. Na kashe kwamfutar da ban gama haɗawa ba, na nufi tasha, na isa ana ɗaura sahu.

Bayan an rufe shi an watse, Alhaji Ɗanjuma ya jawo ni gefe, ya buɗe ɗan littafinsa.

"Layi na tara, kabari na huɗu daga mangwaro. Sai ka shigar da shi yau."

"Alhaji, ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba kamar yaya? Kai da ka haɗa mana kwamfutar da hannunka?"

"Karatu kawai nake iya yi, kamar ku. Izinin rubutu yana hannunsa."

Ya yage takardar ya miƙo mini.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da ke koyon kwamfuta a layinmu. Na ji kuna cewa haɗa kwamfuta da rumbun bayanai da ke nesa ba sana'a ba ce, gurbi biyar ne a cike a danna. Gaskiya ne gurbi biyar ne. Ina so ku ji abin da ke bayansu.

Ku fara sanin abin da ke cikin rumbun. Mu nan kudu yawancinmu baƙi ne. Direba zai kawo shanu daga arewa, zazzaɓi ya kama shi a Fatakwal, ya cika. Ba ma ajiye gawa, kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa. 'Yan'uwansa ba za su iso ba sai bayan kwana uku, wani lokaci sai bayan shekara uku. Kabarinmu kuma ba a yi masa gini. Ɗan gwangwani ake kafawa a rubuta suna da fenti, ruwan saman ƙasar nan kuwa damina biyu ta ishe shi ya cinye gwangwanin da sunan. Da can littafi ake ajiyewa a masallaci. Na Anacha ambaliya ta jiƙa shi ya manne, na Inugu gara ta ci rabinsa. Shi ya sa Malam ya shawo kan dattawan garuruwan uku aka haɗa rajistar mamata wuri ɗaya: suna, garin asali, ranar rasuwa, layi da lambar kabari, da lambar wayar wani ɗan'uwa. Ya kama hayar wata babbar kwamfuta a Legas wadda ba a kashe ta, ita ake kira saba, ya ajiye rumbun a cikinta. Ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Aikina shi ne in bi Inugu da Anacha da Fatakwal ina haɗa kwamfutar kowane sakatare da ita.

Aikin farko da Malam ya ba ni ba haɗawa ba ne. Da na zo wurinsa, buga wasiƙu nake yi wa mutane da tafireta a bakin kasuwar Ogbete, karatuna bai wuce sakandare ba. Ya zaunar da ni gaban manhajar da ake leƙa rumbu da ita, ya nuna mini gurbin nan biyar: adireshin saba, lambar ƙofa, sunan rumbu, sunan mai shiga, kalmar sirri. Sai ya riƙa ɓata ɗaya daga ciki ba tare da na gani ba, ya ce in danna in faɗa masa wanne ya ɓata. Wata biyu muna wannan. Na gaji na ce, "Malam, yaushe zan koyi shiga?"

Ya ce, "Shiga ai ko akuya ta taka madannin za ta shiga. Ƙin shiga nake koya maka."

Ƙi iri uku ne, kuma ya koya mini su kamar sallama a ƙofar gida. Na farko shiru. Ka danna, manhaja ta yi ta juyi, can ta ce lokaci ya ƙare. Wannan muryarka ba ta isa gidan ba, ko dai netwok ne, ko katangar da ke tsare sabar ba ta san adireshin da kake kira daga shi ba. Na biyu a kore ka nan take. Ka isa gidan, amma ƙofar da ka buga ba ita ba ce, ko rumbun ne bai tashi ba. Na uku a amsa, a tambayi sunanka, a ce ba a san ka ba. A nan ne kaɗai ake duba suna da kalmar sirri. Malam yakan ce wanda bai san irin ƙin da aka yi masa ba, kalmar sirri zai yi ta canzawa har magariba, alhali waya ce ɓera ya ci a bayan teburi.

Jakata ba ta da yawa. Modem uku na layuka daban-daban, don wanda ke aiki a Asata ba lalle ya yi a Oil Mill ta Fatakwal ba. Doguwar waya, ƙaramin batir saboda ɗauke wuta, buroshin goge ƙura, leda babba saboda ruwa, da littafi. A littafin akwai adireshi da lambar ƙofa, babu kalmar sirri ko ɗaya. Malam ya hana.

Akwai wani aiki a Anacha da har yau in na tuna nakan yi murmushi. Kwamfutar Alhaji Ɗanjuma ta lalace, ya kai wa wani mai gyara a kasuwa, shi kuma ya sake zuba mata komai, har da wani rumbu fanko a cikinta. Gurbin adireshi ya koma yadda ya zo daga kamfani, wato yana nuna kwamfutar kanta. Na je bayan mako uku, Alhaji ya tare ni da fara'a.

"Isiyaku, wannan kwamfuta yanzu albarka gare ta. Ko babu netwok shigewa take yi kamar walƙiya."

Na ce, "Alhaji, ai ba Legas take zuwa ba. Da kanta take magana."

Duk sunayen da ya shigar suna nan ƙarƙashin teburinsa, ba wanda ya gan su a Inugu ko Fatakwal. Wannan da sauƙi, na kwashe su na tura. Tun daga ranar, in abu ya yi sauri fiye da kima sai in tsaya in duba.

A wancan lokacin kowane sakatare yana iya rubutu, ni kuma ina da babban izini irin na Malam. Abin da ya canza wannan, ni na jawo shi.

Damina ce, ranar Laraba, ranar kasuwar Oil Mill. Malam ya tafi arewa ta'aziyyar yayarsa, garinsu kuma waya ba ta shiga sosai. Alhaji Garba, sakataren dillalan shanu, ya kira ni in zo Fatakwal. Matsalarsa ita ce modem ɗinsa kullum da sabon adireshi yake tashi, katanga kuwa sai adireshin da aka rubuta mata take bari ya wuce. Duk safiya sai an kira Malam ya ƙara sabon. Ranar sun yi jana'iza biyu, ga mutane cike da ofis, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga janareta na tari. Na ƙara adireshin, ya shiga. Aka ɗauke wuta, modem ya sake tashi da wani. Na sake ƙarawa. Sau uku.

Alhaji Garba ya ce, "Kai Isiya, kullum sai mun roƙi izini kamar masu neman biza? Buɗe ƙofar nan kawai mana. Wa zai saci sunan matattu? Abeg, don Allah."

Mutanen ofis suka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce a raina zan buɗe zuwa Juma'a in rufe. Na gaya wa katanga ta bar kowane adireshi ya wuce. Ya kuma ce kalmar sirrinsa ta yi masa tsawo, in mayar da ita sunan kasuwar da ɗaya biyu uku huɗu. Dattijo ne, ga jama'a suna kallo. Na mayar.

Juma'a ta zo ina Anacha kan wani aiki, ban rufe ba. Kwana tara bayan nan na shiga rumbun daga shago na tarar babu komai. Layi ɗaya kawai aka bari da Turanci, wai a biya su su dawo da bayanan. Ba mutum ne ya zauna ya nufe mu ba. Akwai na'urori da ke yawo a intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, wadda suka samu a buɗe su shige. Ba su san Hausawa ba, ba su san maƙabarta ba.

Malam ya dawo washegari. Ya karanta layin sau biyu, ya cire tabarau.

"Wane adireshi ka buɗe wa?"

"Duka, Malam."

"Duk duniya?"

"E."

"To, ka yi wa duniya karamci." Ya ɗauko faifan da yake ajiye kwafi, muka duba. Kwafin ƙarshe tun kafin azumi ne, wata huɗu da suka wuce. Ya ce, "Wannan kuma laifina ne. Je ka sayo takalmin roba, ƙafa biyu."

Wata biyu muka yi muna bin maƙabartu uku a cikin taɓo. Inda fenti bai goge ba mu kwafe. Inda ya goge mu tambayi liman, mu tambayi masu wankan gawa, mu tambayi direbobi a tasha. A Fatakwal, Baba Tanko mai haƙar kabari ya fi kowa taimakonmu. Bai iya karatu ba, amma zai tsaya kan kabari ya ce, "Wannan dogo ne, sai da na ƙara taku ɗaya. Ranar da motar kifi ta faɗi aka kawo shi. Ku tambayi masu albasa, su suka rako shi." Mu je wurin masu albasa mu samo suna. Mun dawo da mafi yawa. Kabari goma sha ɗaya suka rage babu suna.

Bayan shekara wani mutum ya zo daga Gashuwa neman kabarin ƙanensa, kwandastan motar shanu. Ya kwana biyu a hanya. Ni aka ce in raka shi. Na kai shi ƙarshen layi na shida, na nuna masa kaburbura uku a jere, na ce ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Ya ce, "Wanne?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya tsuguna a kan na farko ya yi addu'a, ya matsa na biyu, ya matsa na uku. Ya tashi ya yi mini godiya, har ya ce Allah ya saka da alheri. Ya kama motar yamma ya koma.

Malam ya sake gina komai. Ya toshe ƙofar rumbun daga waje gaba ɗaya. Mai son shiga sai ya bi ta wata ɓoyayyiyar hanya da ake buɗewa da makulli, wato wani ɗan fayil da ake ajiyewa a kwamfutar mutum, sannan ya isa rumbun ta ciki. Ya yi wa kowane sakatare makullinsa, amma na karatu kawai, kuma lambobin wayar dangi ba sa fitowa a wurinsu. In an yi rasuwa, a turo masa saƙo shi ya shigar da hannunsa. Makullin rubutu ɗaya ne, yana cikin kwamfutarsa ta hannu. Da ya miƙo mini nawa ya ce, "Kai ma karatu kawai." Na ce to.

Shekara bakwai muka yi a haka, ba a sake rasa suna ko ɗaya ba.

Bara da rani, wata rana bayan la'asar muna shago, ya gama shigar da wani mahauci na Abakpa. Ciwon suga ya riga ya taɓa masa ido, sai ya kusa manna fuskarsa da gilashin kafin ya ga rubutu. Ya juyo ya ce, "Isiyaku, jawo kujera. Zan nuna maka inda makulli yake, da kalmar buɗe kwamfutar nan, da ta wurin mutanen Legas. Jikin nan ya fara ba da sanarwa."

Na ce, "Haba Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba yanzu ba."

"Mutumin banza, wasiyya ka ji na ce zan yi? Aiki zan nuna maka."

"Bari in dawo daga Fatakwal tukuna."

Ya yi dariya ya ce, "Kunyar nan taka ta fi katangata tsawo."

Ya sake tayar da maganar sau ɗaya bayan ƙaramar sallah, na sake cewa Allah ya ja kwana, na fita sayo kati. Bai sake ba. Ku da kuka tashi a nan wataƙila ba za ku gane ba. Mu yadda aka rene mu, babba ba ya cewa zai tafi kai kuma ka jawo kujera ka miƙa hannu. In ka zauna, kamar ka yarda ne. Ga shi kuma ni ne wanda ya taɓa buɗe wa duniya ƙofa, ban ga da wace fuska zan karɓi makullin ba. Shi ma ina jin nauyin maimaita maganar mutuwa a gabana ya ji. Minti goma aikin zai ɗauka. Ladabi na ɗauka na yi.

Bayan sadakar bakwai, 'yarsa Rabi ta kawo mini kwamfutarsa ta hannu har shago, naɗe cikin ɗankwali. Malamar asibiti ce a nan Inugu. Muka kunna, ta nemi kalmar sirri.

"Baffa Isiya, gwada sunan Umma."

"Ba ya sa suna, Rabi."

"To gwada nawa. Ai ni ce 'yar gaban goshi."

Na gwada don ta ji daɗi. Ba shi ba ne. Ta ce, "Ka ga tsohon nan, har yanzu yana mana rowa." Ta yi dariya kaɗan, sannan ta juya ta dubi titi. Faifan kwamfutar a kulle yake ta yadda ko an ciro shi ba a karanta komai. Ni na taya shi kulle shi.

Na kira kamfanin Legas. Sun yi mini magana da mutunci, amma sun ce hayar da sunansa take, ba da sunan ƙungiya ba, kuma ba sa miƙa ta sai ga mai ita. Za su iya tura lambar tabbatarwa, amma layin da ya yi rajista da shi tsohon layinsa ne da ya ɓace shekaru da suka wuce. In ba haka ba sai takardar gado daga kotu. Rabi tana bin takardar. An ɗage mata zaman kotun sau biyu. Wa'adin hayar kuma zai cika bayan babbar sallah, daga nan za su kashe sabar.

Na san abin da za ku ce, don ɗayanku ya riga ya faɗa mini: tunda kana iya karatu, kwafe komai ka buɗe sabon rumbu. Na kwafe duk abin da makullina ke gani, na ajiye wuri uku. Amma lambobin dangi ba sa ciki, su ne kuma ake kira in ruwa ya zaizaye kabari ko za a gyara layi. Sannan sabon rumbu sai an sami mai riƙe makulli. An yi taron dattawan garuruwan uku a masallacin Asata. Na Anacha suka ce a ba su, na Inugu suka ce a nan aka fara. Alhaji Ɗanjuma ya ce a ba Isiyaku, a haɗa shi da mutum biyu. Alhaji Garba, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya gyara zama ya ce, "Ba shi ne ya buɗe ƙofa wancan karon ba?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

Ban ce komai a kan wanda ya ce in buɗe ba. Dattijo ne. Aka yi addu'a aka tashi, aka ce sai wani zaman.

Don haka in an ba ku gurbi biyar ku cike, ku tambayi wa ke riƙe da makullin rubutu, ku tambayi wa ke riƙe da shi bayan shi. In babba ya ce ku jawo kujera, ku yi masa addu'ar nisan kwana, sannan ku jawo kujerar.

Har yanzu kowace safiya nakan buɗe manhajar in danna. Hanya tana buɗewa, rumbu yana amsawa, sunaye suna fitowa a jere. Na ƙarshe shi ne wani mai sayar da doya da Malam ya shigar ran Lahadi kafin ya tafi Anacha. Sakatarori kuma yanzu ni suke turo wa saƙo in an yi rasuwa, ina rubutawa da biro a bayan littafin jakata, ina sa shi cikin leda saboda ruwa. Suna goma sha huɗu ke ciki. Na farko nasa ne, layi na tara, kabari na huɗu daga mangwaro. Har yau ban shigar da shi ba.